Zankon siminti da bakan gizon da muka manta

Wani sabon yayi ya shigo garuruwanmu, har da Gusau da Tsafe: a gina ƙofa ko ofis da bulo, a ɗora masa zanko na siminti, a manna dagin Arewa a goshinsa, sannan a ce an raya al'ada. Ni kam ina ganin hular kawai muka ɗauko.

Turawa ma sun yi irin wannan waiwaye. Da gobara ta cinye majalisar dokokin Ingila a 1834, sai suka sake gina ta bisa salon kakanninsu. Jamusawa kuwa babbar majami'ar Kolon, wadda aka aza harsashinta a 1248, suka koma wa, suka nemo tsohon zanenta, suka kammala ta a 1880 a matsayin alamar haɗuwar ƙasarsu. Wato sai da suka koyi aikin kafin su yi alfahari da shi.

Mu fa? Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an lulluɓe shi da kankare a shekarun 1970. Mai son ganin kamanninsa na asali sai ya je gidan tarihi na Jos ya kalli kwaikwayonsa. Alhali a ƙauyen Yama na ƙasar Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ashe hannun bai mutu ba, masu ba shi aiki ne suka ƙaranta.

Na san za a ce ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara, kuma mutanen 'Yankuzo tsaro ne ya dame su. Haka ne. Amma wannan yankin shi ne maƙwabcin 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilimi, kuma tsofaffin maginan da suka san kwaɓa tubali da ɗaure azara a tada bakan gizo ba za su jira mu ba. Jihar da aka ƙirƙira tun 1996 ta isa ta ba Sarkin Magina ginin ɗakin karatu guda a Tsafe, a haɗa shi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, su auna, su rubuta, su kuma ɗauki tubali da hannunsu.