Hannun Uwa Ne Makarantar Farko

Sanin kowa ne cewa a Dandamisa, kamar sauran garuruwan Makarfi, Ikara da Kudan, aikin kaka da saran rake ba sa barin iyaye su huta. Ana cikin haka sai ga wata sabuwar ɗabi'a ta shigo gidajenmu: da jariri ya yi kuka, sai a miƙa masa waya ya yi kallo, a koma bakin aiki. Mu dai a ganinmu akwai hasara babba a nan.

'Yan'uwa, ku lura da uwa sa'ad da take nuna wa ɗanta yadda ake cin tuwo. Takan matso kusa da shi, ta gutsuro loma a hankali, ta ɗaga hannu yadda zai gani sosai, ta kai baki, ta sake yi. In ya kau da kai sai ta dakata har ya juyo. Ba haka take nuna wa babba abu ba, kuma ba wanda ya koya mata.

Masana sun tabbatar da wannan. A 2002, a Amurka, Rebecca Brand da abokan aikinta sun sa iyaye mata su nuna yadda ake amfani da wasu kayayyaki, waɗansu ga jarirai, waɗansu ga manya. Masu nuna wa jarirai sun fi matsowa kusa, sun fi buɗe hannu, sun fi sauƙaƙa aikin da maimaita shi. A 2008 kuma wani binciken ya nuna jarirai sun fi zuba ido ga irin wannan nunin.

To, waya ba ta ganin idon yaro, balle ta jira shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a sa yaron da bai kai shekara ɗaya ba a gaban waya ko talabijin.

Mun san aiki ya yi wa mata yawa. Saboda haka kiranmu ga ubanni ne musamman. In kun dawo daga gona, ku ɗauki yaron, ku nuna masa wanke hannu da riƙe moɗa, sannu sannu, har ya kwaikwaya. Ba zubar da girma ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.