YAUSHE ƊAN ILLELA ZAI TUƘA JIRGIN ƘASA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa! Yau muna da tambaya ga mahukunta, kuma muna son amsa. Yaron da aka haifa a Illela, idan ya ce yana so ya zama direban jirgin ƙasa, ta wace ƙofa zai shiga?

A shekarar 1911 jirgi ya iso Kano. A 1929 Turawa suka kai dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, domin kwasar gyaɗa da auduga. Da suka sami abin da suke so, sai suka tsaya nan. Aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, aka sami mulkin kai a 1960, dogo ya isa Maiduguri a 1964. Amma ƙasar Sakkwato, shiru kake ji. Shekara kusan ɗari ke nan ba a ƙara ko taku ɗaya daga Ƙaura zuwa yamma ba. Laifin Bature ya ƙare ran da ya tafi. Saura kuwa na 'yan gida ne.

Tuƙin jirgi ba sihiri ba ne. A zamanin jirgin gawayi yaro yakan fara da share inji, ya hau matsayin mai zuba wuta, bayan shekaru ya zama direba. Yanzu da injin dizal, yakan fara da zama mataimakin direba. Likita zai gwada idonsa da kunnensa, a tabbata yana rarrabe ja da kore. Zai koyi alamun hanya da ka'idodin tasha da kama birki, domin jirgi mai kaya ba ya tsayawa nan take kamar mota. Zai kuma san hanyar da zai bi, hawanta da gangararta. Wanne ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfin yaran da ke gyara tirela a bakin iyakar Ƙwanni?

Za su ce mana ai akwai makarantu. Gaskiya ne. Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri a Zariya tun 1986, an kuma buɗe Jami'ar Sufuri a Daura. Amma wa ya taɓa zuwa kasuwar Illela ya yi shelar ɗaukar ɗalibai ko ma'aikata? Labari yakan ƙare a ofis, 'ya'yan manya su cika takarda, talaka ya ji bayan an rufe. Ga shi kuwa Tsarin Mulkin 1999, sashe na 14, ya ce a raba aikin Tarayya yadda kowane yanki zai sami rabonsa.

Za su kuma ce babu kuɗi. To, an buɗe dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016, an buɗe na Ikko zuwa Badun a 2021, a shekarar nan kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Ba mu baƙin ciki da rabon kowa. Amma idan ana iya kai dogo Jibiya, me ya hana Illela? A 2016 an yi lodin shanu a jirgi daga Gusau zuwa Ikko, kowa ya gani. Mu kuwa shanunmu da albasarmu sai su kwana a bayan mota, dabba ta rame, albasa ta ruɓe, a kowane shinge kuma a miƙa hannu. Asarar nan daga aljihunku take fita.

Saboda haka ga bukatunmu. Na farko, a ja dogo daga Ƙauran Namoda zuwa Sakkwato har Illela. Na biyu, duk ran da za a ɗauki masu koyon tuƙi, a yi shela da Hausa a rediyo da kasuwanni. Na uku, a buga sunayen waɗanda aka ɗauka jiha jiha, kowa ya karanta.

Ku kuma iyaye, kada ku cire yara daga makaranta, ku matsa musu kan lissafi da kimiyya, don kada gobe a ce ba mu da masu takarda. Duk mai neman ƙuri'a da ya shigo rumfarku, ku tambaye shi: ina dogo? In ya hau kame-kame, kun san abin yi ranar zaɓe.

Allah ya ba talaka sawaba. Amin.