Kada ruwan gidanka ya tafi a banza

Ƴan uwa manoma, maza da mata, ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta wannan, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Kowace shekara, da an ɗaure damman hatsi, sai mu jingine kalme mu ce aikin ƙasa sai baɗi. Wata takwas ke nan babu ruwan sama. Kafin bazara kayan miya sun yi tsada, kuɗin wake sun ƙare a cefane, yara kuma ba su ganin ɗanyen ganye. Daga nan tamowa take samun ƙofa. Ra'ayinmu shi ne kowane gida ya yi ƴar garka a cikinsa, ko da faɗin tabarma biyu ce.

Za ka ce, ina ruwa? Tambayarka tana kan hanya. Matar da ta ɗauko tulu daga rijiya mai nisa ba ta da ruwan ɓarnatarwa. Amma duba ruwan da ya riga ya shigo gida: na alwala, na wanke hannu, na ɗauraye ƙorai. Ƙasari kam a bar wa awaki. Sauran fa? Kullum ana watsa shi a tsakar gida, rana ta shanye. Wannan ruwa ya isa ya raya zogala biyu da gindin kabewa, in an san yadda za a riƙe shi.

Dabarar riƙe ruwa kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A shekarar 1989 manoma 13 na ƙasar Illela, jihar Tawa, suka tafi Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramu a fako ana zuba taki. Da suka dawo gida suka gwada. Ita ce tassa. Damanar 1990 ba ta yi kyau ba, amma ramun nan sun ba da hatsi. Fakon da ba mai so, har ya zama abin saye. Abin da ya yi a fako, zai yi a bayan ɗakinka.

Ga yadda za ka yi. Gina rami mai faɗin taƙi ɗaya da rabi, zurfin taƙi ɗaya, kusa da inda ake alwala. Zuba ruɓaɓɓen takin awaki cikin hannu biyu, ka gauraya da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, saboda haka ka yi wani rami dabam inda za a riƙa tara kashin dabbobi, shara da ɗan toka, a yayyafa ruwa har su ruɓe. Bayan ka shuka, ka rufe gindin da kara ko ƙaiƙayi don rana kada ta shanye laimar. In kana da tsohon tulu mai tsatsa ruwa, binne shi har wuya kusa da shukar, ka cika, ka rufe bakin. Saiwa za ta sha kaɗan-kaɗan.

Ke uwargida, ga gargaɗi. Ruwan wankin tsummokin jariri da ruwan da ya cika sabulu, ba na garka ba ne. Ruwan da aka yi aiki da shi kuma, a gindi ake zuba shi, ba a kan ganye ba. Ganyen da aka tsinko, a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Saura awaki. Garkar da ba ta da shinge, akuya aka noma wa. Ka fara da dangar kara, ka dasa aguwa a gefenta. Kafin karan ya ruɓe aguwa ta kama.

Ba mu ce garka za ta cika rumbu ba. Rumbu aikin gona ne. Amma zogala tana fara ba da ganye cikin ƴan watanni, tana kuma yin shekaru ana tsinka. Kuɗin da ba ka kashe a kasuwa ba suna nan a aljihunka, hatsin da ba ka sayar don cefane ba yana nan a rumbu. Da sannu-sannu kwana nesa.

To, ɗan uwa, kada ka jira wani ya kawo maka famfo. Gina rami guda a makon nan. In ya yi kyau, ka kira maƙwabcinka ya gani. Allah ya ba mu sa'a, amin.