Iyakar Jibiya da makomar 'yar fim: Abin da rufewa da buɗewa ke jawo wa matan Kannywood

Idan ana maganar mashigar Magama da ke Ƙaramar Hukumar Jibiya a Jihar Katsina, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne manyan motocin albasa da wake da dabbobi, sai kuma rigimar shinkafa da man fetur. Ba kasafai ake tunawa da cewa akwai wata haja da ta daɗe tana bin wannan hanya ba, wato fim ɗin Hausa da mutanen da ke yin sa.

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Matafiyi zai bi ta Jibiya, ya tsallaka Ɗan Isa, sai ga shi a garin da har gobe ake kiran basarakensa Sarkin Katsinan Maraɗi. Harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya ce. Shi ya sa tun da aka fara fim ɗin bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, ba a taɓa ɗaukar Nijar a matsayin baƙuwar kasuwa ba.

A 'yan shekarun nan an rufe wannan ƙofa har sau biyu, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Tambayar ita ce, me hakan ke nufi ga macen da fim ne abincinta?

Kasuwar da ta raini taurari

A zamanin kaset da faifan CD, lissafin a fili yake. Furodusa ya gama fim, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano su buga, dillalai su kwasa zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Finafinai irin su Sangaya da Wasila sun sa an san fuskokin jaruman Kano a gidajen da masu su ba su taɓa taka Najeriya ba.

Wannan farin jini shi ke komawa kuɗi. Jarumar da aka sani a Nijar ita ake gayyata wasan Sallah da gala da bukukuwan aure, ita ake nema ta tallata atamfa ko turare. Ga mata da yawa, abin da ake samu a irin waɗannan tafiye-tafiye ya fi sallamar da furodusa ke bayarwa bayan an tashi daga wurin ɗaukar fim.

Hanyar ba ta zuwa ce kaɗai ba, har da dawowa. Mawaƙiya Fati Nijar daga Maraɗi ta zo Kano, muryarta ta shiga finafinai masu yawa. Jaruma Rakiya Moussa ma 'yar Nijar ce. Hadiza Aliyu, wadda aka haifa a birnin Libreville a 1989, daga ƙasar Gabon ta taso, har sunan ƙasar ya zame mata laƙabi. Masana'antar ta girma ne da ƙofa a buɗe.

Rufewa biyu cikin shekara biyar

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu da nufin daƙile fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. Da aka fara buɗewa a Disambar 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum aka buɗe. Jibiya sai a watan Afrilun 2022 ta samu shiga.

Ba a jima ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba maƙwabciyarta. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris kuma ƙasashen biyu suka buɗe mashigunsu.

Mai sayar da tumatur yana iya nuna asararsa a kwando. Asarar 'yar fim ba ta ganuwa haka. Wasan da aka fasa, tallar da ba a ƙulla ba, gayyatar da ba ta zo ba, babu hukumar da ke rubuta su. Kuma abin ya fi yi wa mace ciwo. Namiji na iya hawa babur ya bi hanyar daji ya tsallaka. Jarumar da kowa ya san fuskarta ba ta da wannan zaɓi, balle a yankin da 'yan bindiga suka daɗe suna addaba, inda shingayen jami'an tsaro suka cika hanyar Katsina zuwa Jibiya.

Wayar hannu ta tsallake shinge, amma

Wani zai ce ai yanzu fim ba ya buƙatar mota. Gaskiya ne, kasuwar faifai ta mutu. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo zamanin finafinai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina da Izzar So suka nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo a YouTube. Matashi a Agadas yana kallon sabon kashi a daren da aka sake shi, ko an rufe Magama ko an buɗe.

Sai dai kallo daban, kuɗi daban. Kuɗin tallar da YouTube ke biya yana shiga asusun mai tasha ne, wanda galibi shi ne furodusa. Jaruma an sallame ta tun ranar aiki, ko da za a shekara biyar ana kallon fim ɗin. Ga kuma masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa, waɗanda cinikinsu ba ya kai wa furodusa ko sisi, balle 'yar wasa.

Saboda haka intanet ta ƙara wa jaruma suna a ƙetaren iyaka, amma mayar da sunan kuɗi yana buƙatar ta je da ƙafarta. A nan ne canjin kuɗi ya shigo. Tun bayan da aka saki naira a tsakiyar 2023, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Wasan da aka biya da sefa a Maraɗi ya ƙara daraja ke nan idan aka dawo Kano. Abin takaicin shi ne, daidai lokacin da kasuwar Nijar ta fi tsoka, a lokacin ne shigarta ta fi wuya.

Sana'a mai gajeren zango

Matsalar iyaka ta tarar da wata tsohuwar matsala ce. Rayuwar mace a gaban kyamara gajera ce. A bisa al'adar masana'antar, yawancin jarumai mata suna ajiye fitowa a fim da zarar sun yi aure. Namiji yana iya shekara talatin yana jan fim. Ali Nuhu da ya fara tun ƙarshen shekarun 1990 shi ne aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a Janairun 2024. Mace kuwa 'yan shekaru ne gare ta da za ta tara abin da za ta dogara da shi.

A cikin 'yan shekarun ma tana tafiya ne kamar a kan siraɗi. Abin da ya faru a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata jaruma ya fita, ya jawo wa masana'antar duka tsauraran matakai daga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Abubakar Rabo. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa tare da mawaƙi ClassiQ.

Rahama ta tsira ne saboda ta samu wasu ƙofofi. Ta shiga finafinan Kudu, ta koma shirya nata, har ta fito a wani fim ɗin Indiya a 2022. Hadiza Gabon ta buɗe shirin hira a tasharta ta YouTube, inda ita ce mai tasha ba 'yar haya ba. Darasin a bayyane yake: wadda ta dogara da kasuwa ɗaya, rana ɗaya ake rufe mata ita.

Waɗanda ba su samu wannan dama ba su ne mafiya yawa. A farkon 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubban nairori ake ba ta idan ta fito a fim. Wasu furodusoshi sun musanta, aka yi ta cece-kuce. Amma muhawarar ta tona abu guda: babu rubutacciyar yarjejeniya a yawancin ayyuka, babu kason da ke biyo baya, babu tanadin tsufa.

Izina daga Yamai

Nijar ta riga ta ga ƙarshen irin wannan labari. Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947, tana cikin matan Afirka na farko da suka riƙi fim a matsayin sana'a. Ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane a 1966, ta kuma fito a fim ɗin Oumarou Ganda da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

A gida kuwa tsangwama ta sha, domin mutane sun kasa raba ta da halayen matan da take kwaikwaya. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, sai ta shiga ƙunci, har ta tafi ƙasar waje aikatau. Rahmatou Keïta ta shirya fim a kan rayuwarta a 2004. Ta rasu a 2021.

Ba ƙarancin basira ne ya kayar da Zalika ba. Kasuwar da ke ƙarƙashinta ce ta rushe, kuma ba a tanadi komai da zai tare ta ba.

Me ke gaba?

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ita ce ta bai wa ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. ECOWAS ta ce za a ci gaba da mutunta wannan dama ga 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci. Wato alfarma ce ta wucin gadi, ba haƙƙi tabbatacce ba kamar da.

Ga yarinyar da ke Maraɗi tana mafarkin zama tauraruwa a Kano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan tattaunawa ta watse, zaman aiki na iya buƙatar takardun da furodusa mai ƙaramin jari ba zai ɗauki nauyinsu ba. Zai fi masa sauƙi ya ɗauki 'yar gida. Haka jarumar Kano za ta iya tarar da sabbin sharuɗɗa kafin ta hau dandamali a Damagaram.

A ɗaya ɓangaren, ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, tawagar 'yan wasa za ta iya zuwa ta dawo ba tare da fargabar hanya ba. Amma jirgi ba ya buɗe iyakar da siyasa ta rufe.

Akwai abin da ke hannun 'yan fim da kansu. MOPPAN da sauran ƙungiyoyi na iya neman fahimtar juna da takwarorinsu na Nijar kan shige da ficen 'yan wasa tun kafin dokoki su sauya. Suna iya wajabta rubuta yarjejeniya, tare da ware wa jarumai kaso daga kuɗin da fim ke ci gaba da kawowa a intanet. Suna iya kafa asusun tallafa wa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare.

Ba 'yan fim ne ke riƙe da makullin Magama ba. Amma su ne za su yanke ko jarumar da ake tafa wa yau a Kano da Maraɗi za ta tsufa da abin hannunta, ko kuwa sai an yi mata karo-karo.