A Daina Ɗora Wa Kishiya Laifin Ɓari

Yau na ɗan jingine labarinmu, don akwai laifin da ya kamata mu marubuta mu amsa. Littafi nawa muka rubuta inda amarya ta yi ɓari, shafi na gaba sai ga uwargida gurfane gaban boka? Ni kaina na aikata, har sau biyu.

Abin da ya sami ƙanwata a nan Bauranya ne ya farkar da ni. Ɗanta na fari lafiya lau, na biyu ya zo da shawara ya koma, na uku bai zo da rai ba. Wasu suka ce wabi ne, wasu suka ce hannun abokiyar zamanta. Gida ya yamutse, har da dafa Alƙur'ani. Sai da aka gwada jini aka gano nata Rhesus negatif ne, na maigidan fositif. Tun a haihuwar fari jinin ɗa ya gauraya da nata, sojojin jikinta suka shaida shi a matsayin abokin gaba, suka riƙa farfasa jinin 'ya'yan da suka biyo baya. Allura ɗaya, Anti-D, cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, ita ce rigakafin.

Jama'a, ɗan tayi rabinsa baƙo ne a jikin uwa, tunda rabin na uba ne. Tun 1953 masanin Ingila Peter Medawar ya tambaya: me ya hana jiki korar sa? Yanzu an san cewa a farkon ciki, kusan 70 cikin 100 na sojojin bangon mahaifa wasu ne da ake kira NK, kuma aikinsu taimakawa a buɗe hanyoyin jini don mabiyiya ta kafu. Masu yaƙi sun koma masu tarbar baƙo, ikon Allah ke nan!

Wani lokacin lissafin kan kwaɓe. Akwai matan da garkuwar jikinsu ke daskarar da jini a mabiyiya, kuma likitoci na taimaka musu da asfirin da allurar hefarin. Kusan rabin ɓarin farkon ciki kuwa daga halittar tayin ne, ba laifin kowa.

Don haka 'yar'uwa, ki je awo, ko a nan Babban Asibitin Kankia, ki san rukunin jininki kamar yadda kika san jinotayif ɗinki. Addu'a dole ce, amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ƙarya. Mu kuma marubuta, mu nemo wa uwargida wani aikin.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.