Goman Mudu Ko Goman Buhu? Batun Awon Bitamin D

Babu magidancin da zai shiga kasuwar Dawanau ya ce a auna masa gero "goma" ya yi shiru. Tilas mai awo ya tambaye shi, goman mudu ko goman buhu? Amma ga shi a kantunan magani na biranenmu ana cinikin bitamin D da lamba tsura. Mai saye ya ce a ba shi "mai dubu ɗaya" ko "mai dubu hamsin", mai kanti ya miƙo, ba wanda zai tambayi ɗan'uwansa dubun me ake nufi. Tun 2020, zamanin annobar korona, kwalaben nan suka sami wurin zama a teburan ofisoshi da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Ma'auni biyu ne ake rubutawa a jikin kwalba. Akwai na ƙasa da ƙasa, mai alamar IU, wanda ke auna ƙarfin aikin maganin a jiki. Akwai kuma maikirogiram, mai alamar mcg ko µg, wanda ke auna nauyinsa. Maikirogiram 1 daidai yake da IU 40. Wani abokin aikina, mutum mai ilmi, ya sami tsarabar kwalba daga Ingila an rubuta 25, alhali wadda ya saba sha an rubuta 1,000. Sai ya raina ta waje, ya riƙa haɗiyar ƙwaya huɗu a rana wai don ya cike gurbi, bai san ƙarfinsu ɗaya ba. Da haka ya kai kansa IU 4,000, wato iyakar da masana suka gindaya wa baligi a rana guda.

Bisa ƙa'idar da masana lafiya na Amurka suka fitar a 2010, jariri na bukatar IU 400 a rana, daga shekara 1 zuwa 70 ana bukatar 600, wanda ya haura 70 kuma 800. Ƙwayar nan mai 50,000 kuwa magani ce da likita kan rubuta wa wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin bitamin ɗin, galibi sau ɗaya a mako, na ɗan lokaci. Wanda ya mayar da ita ta kullum ya ninka iyaka fiye da sau 12. Ga kuma tarkon rubutun hannu: mg da mcg harafi ɗaya ya raba su, amma miligiram 1 maikirogiram 1,000 ne.

Jama'a da dama sun ɗauka duk abin da ake kira bitamin abinci ne, in ya yi yawa fitsari zai fitar da shi. Bitamin D ba haka yake ba. Jiki na ajiye shi cikin kitse, in ya taru sai kalsiyam ya hau a jini, daga nan sai amai, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da taurin bayan gida, har ta kai ga tsakuwa ko lalacewar ƙoda. Abin ya fi haɗari ga jarirai, domin wani ruwan maganin IU 400 ɗinsa na cikin ɗigo ɗaya ne tak, wani kuwa sai an cika mililita guda. Uwar da ta saba da na biyu, in aka canza mata da na farko ba bayani, za ta ɗura wa ɗanta rabon makonni a zama ɗaya.

Ko ciwon laushin ƙashi da ke lanƙwasa ƙafafun yaranmu ba kullum ne laifin bitamin D ba. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban tushensa a wurin yaran da aka duba. Mu da Allah ya hore wa rana, wadda fatar jiki ke sarrafa bitamin ɗin da haskenta, bai dace mu kwaikwayi mutanen Ingila ido rufe ba; su hunturu ne ke hana su ganin rana, shi ya sa hukumarsu ta ba su shawarar shan maikirogiram 10.

Don haka muna kira ga hukumar NAFDAC da ta tabbatar duk kwalbar da za ta shigo kasuwa tana ɗauke da ma'aunin biyu gefe da gefe, da manyan haruffa, tare da bayanin ko na kullum ne ko na mako. Ma'aikatun lafiya na jihohi su buga wannan lissafi da Hausa, a boko da ajami, a manna a asibitoci da kantunan magani. Mai 50,000 kuwa a daina miƙa ta ga wanda bai zo da takardar likita ba.