Maganin da Muke Zuba wa Kaji, Mu Yake Dawo wa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani al'amari da ake tattaunawa a manyan ɗakunan taro na Abuja, alhali tushensa yana cikin ɗakunan kaji na Kuje da Gwagwalada da rugagen Kwali da Abaji.

A watan Nuwamba na 2024, a taron ministocin duniya da aka yi a Jidda kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, aka ba Nijeriya karɓar baƙuncin taro na gaba a 2026. Ya dace a yi shi a nan, don mu abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Rabon Nijeriya kaɗai an ƙiyasta shi da mutum 64,500.

Ni mai kiwon kaji ne, don haka na san yadda sana'ar take tafiya. Ranar da aka kawo 'yan tsaki, ruwan farko da za su sha da magani a ciki, wai don gajiyar hanya. Daga nan kuma duk sanda kaza ta yi tari ko kashinta ya canza launi, sai shagon maganin dabbobi. Babu likita, babu takarda, babu gwaji. Ka kwatanta wa yaron shago abin da ka gani, ya miƙo maka oksitetrasiklin ko tailosin. In bai yi ba ka koma, ya haɗa maka da enrofuloksasin, ɗan'uwan siprofuloksasin da ake ba mai taifot a asibiti. Abin takaicin ma, cututtukan da suka fi share mana kaji, Gumboro da Niyukasil, bairos ke kawo su, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Kuɗi sun tafi, kaji sun mutu, amma bakteriyar da ke hanjin waɗanda suka rage ta samu horo kyauta.

Horo ne kuwa. Maganin da ake bayarwa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni raunanan ƙwayoyin cuta yake kashewa, masu taurin su rayu su hayayyafa, har su miƙa wa wasu jinsin bakteriya wannan taurin. Daga nan hanyoyin zuwa jikin mutum suna da yawa: hannun mai fiɗa, wuƙa da katakon yanka nama, ruwan wanke ɗakin kaji da ke gangarawa rafi, kashin kajin da muke sayar wa masu lambu su zuba wa alayyafo da latas. Wanda bai taɓa shiga gidan gona ba sai ya kwanta da ciwon mafitsara ko zawo, a yi ta canza masa allura.

Akwai kuma maganar kwanakin jira. A jikin kowace ledar magani an rubuta kwana nawa ya kamata a dakata bayan ba da magani kafin a yanka dabba, ko a sayar da ƙwai ko madara. An rubuta da Turanci, da ƙananan haruffa, a ƙasan leda. Ko wanda ya iya karantawa, ka ce wa mai kaji 500 ya zubar da ƙwan mako guda, alhali buhun abinci bashi ya ci? Makiyayi ma haka: ya yi wa saniya allurar teramisin da yamma, da safe a tatse ta, nonon ya shigo gari. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manomi ya yi laifi, amma wanda ya bar shi babu likita kusa, babu rigakafi mai inganci, ya kuma bar magani a kan kanta kamar alewa, shi ma a tambaye shi.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki tun tuni. Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙara musu ƙiba tun 2006. A Sin kuwa, a 2015 masu bincike suka gano wata ƙwayar gado da suka kira mcr-1 a cikin bakteriyar aladu, wadda ke sa ta bijire wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai komai ya gagara. Zuwa 2017 ƙasar ta hana sa shi a abincin dabbobi don ƙiba. Mu kuwa kolistin yana nan cikin haɗe-haɗen maganin kaji, mai saye bai ma san sunansa ba.

Ba takardu muka rasa ba. Hukumar NCDC ta jagoranci tsarin ƙasa na 2017 zuwa 2022, an kuma fito da na biyu na 2024 zuwa 2028. A 2024 ɗin aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, hedkwatarta tana cikin garin nan. Abin da nake roƙo shi ne tsarin ya sauko daga Maitama zuwa Kuje. A sa likitan dabbobi na gwamnati inda ƙaramin mai kiwo zai same shi ba tare da ya kashe kuɗin da ya fi na kajin ba, a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya. Allurar rigakafin da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi ta riƙa isowa cikin sanyi, don rigakafin da ya sha zafin mota ba ya aiki, kuma manomin da ya ga an yi rigakafi kaji sun mutu, magani zai koma wa. Hukumar NAFDAC ta wajabta rubuta kwanakin jira da Hausa da Fulatanci, da manyan haruffa, a kuma riƙa faɗa a rediyo.

Ina kuma so a riƙa ɗibar samfurin nama daga mahautar Karu da ta Dei-Dei, da ƙwai da nono daga kasuwanni, a gwada, a buga sakamakon a jaridu kamar taka. Wanda ya yi haƙuri ya jira kwanakin, a ba shi wata shaida da mai saye zai gani ya ƙara masa ko da naira ɗari ce a kan kiret.

Wassalam,
Wani mai kiwon kaji,
Kuje, Abuja.